Ba Komai Iri Bakwai

Ranar Asabar, daga teburin falo

Abban Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen da kuke aikin gadar nan tare. Ya jiki, ya rana, ya ƙarar injina? Mu nan lafiya lau, ba komai. Babba da Auta suna gaishe ka. Hajiya ma tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko gadar ce ta haife ka ko ita.

Direban kamfaninku ya kawo wasiƙarka jiya. Har yanzu abin yana ba ni dariya, a ce a wannan zamani ni da mijina sai takarda da biro. Amma tunda kun je kun kafa gada a inda waya ba ta kamawa, ya zan yi?

Ka tambayi inda aka kwana kan aikina. Kwamitin jami'a zai zauna ƙarshen zango, saura mako goma sha biyu. Maƙala ɗaya tak ta rage mini a mujallar da suka yarda da ita. In an karɓa, su tabbatar da ni a aiki. In ba a karɓa ba, su miƙo mini takardar sallama da godiya. Ban kuma manta da yarjejeniyarmu ba: in an tabbatar da ni, ba za ka sabunta kwantiragi ba, gida za ka dawo. In an sallame ni, dole ka ƙara shekara. Ka ga dawowarka tana hannun masu tantancewa biyu da mujallar za ta ba maƙalar su duba, ba su san sunana ba, ban san nasu ba.

Farfesa, shugaban sashenmu, ya kira ni ofis ya karanta mini darasi. Ashe bincike ma yayi gare shi kamar ɗinki. Ya ce shekara biyar baya, mujallun nazarin halayyar mata ba sa son jin komai sai danniya, in matan da ka bincika ba sa kuka a dawo maka da takardarka. Daga nan aka koma mata da wayar hannu. Bara kuma nauyin da ba a gani, wato tunanin gida da mace ke yawo da shi a ka, irin tuna ranar allurar yaro da inda safar miji take. Bana kuwa juriya ake yayi. Ya ce in ina da juriya a hannu in kawo tun ba ta wuce ba.

To Allah da ikonsa, ina da ita. Ka tuna watannin da na yi ina bin gidaje da rikoda? Mata ɗari biyu da goma sha huɗu na zauna da su. Tambayata ta ƙarshe ita ce ko akwai abin da ke damunsu. Ɗari biyu da goma sha biyu suka ce ba komai. Cikin biyun da suka rage, ɗaya tsohuwa ce da ba ta ji sosai, ta ɗauka maganin ciwon gwiwa nake rabawa. Ɗayar tana wanki, ta ce in bari ta gama, har na tafi ba ta gama ba.

Maƙwabciyar teburina, wadda muke kira Kaso saboda ko gaisuwa a kaso cikin ɗari take amsawa, ita ta buga mini lissafin. Ta ce casa'in da tara ne, ta dafe ƙirji, ta ce tunda take ba ta taɓa ganin lamba mai tsabta haka ba. Farfesa ya ce na gano matan da suka fi kowa juriya a duniya. Muka fassara ba komai da kalmar Turanci mai nufin babu matsala, muka raɗa wa maƙalar dogon take mai ɗigo biyu a tsakiya, don in ba ɗigo biyu ba a ɗaukar ka da muhimmanci. Na aika wa wata babbar mujalla da ke shirya fitowa ta musamman kan juriyar mata.

Ka fara haɗa kaya a hankali. Ka taya ni da addu'a.

Taka,
Maman Auta

Af, na manta. Silin ɗakinka yana yoyo daidai saitin kantar littattafanka. Na ajiye bokiti biyu da tukunyar suna. Ba komai.

Ranar Laraba, daga ofis

Abban Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu lafiya lau, in ka cire ni, da ke ji kamar in shaƙe wani.

Amsar mujalla ta zo bayan mako huɗu. Mai tantancewa na ɗaya mutumin kirki ne, Allah ya yi masa albarka. Layi biyar ya rubuta. Ya ce aikin ya yi kyau, sai dai in ambaci wasu maƙaloli guda shida, kuma da na duba, duk shidan mutum ɗaya ne ya rubuta su. Ban san ko wane ne ba, ka gane, ko kaɗan ban sani ba. Na saka su duka, na ƙara masa ta bakwai kyauta.

Sai na biyu. Abban Auta, shafi huɗu! Bai bar waƙafi ba, bai bar jadawali ba. Ya ce takena ya fi sakamakona tsawo. Ya ce duk binciken da ya ba da casa'in da tara cikin ɗari, ko dai an gano abin mamaki ko kuma ma'aunin ya lalace, shi kuma a shekarunsa ya fi cin karo da na biyun. Na karanta ina tsaki, Kaso tana yi mini fifita da jadawalin. Na yi masa addu'o'in da ba zan rubuta ba, kada Babba ya tsinci wasiƙar.

Duk wannan da Turanci ne. To bayan ya gama, ya rufe da gaisuwa, can ƙasa sai ga layi biyu da harshenmu. Ga su kamar yadda suke:

"Af, na manta, 'yata. Da suka rako ki bakin ƙofa, rikodar a kunne take ko tana cikin jaka?"

'Yata! Ashe ma ba namiji ba ne, wata tsohuwa ce tamu, tana can wata jami'a tana shan shayi tana yi mini dariya. Ina ruwanta da jakata? Kowa ya san in an gama hira ana kashe rikoda, haka aka koya mana, haka yake a takardar izinin da kwamitin ɗa'a ya sa wa hannu.

Na kai wa Farfesa. Ya ce in kwantar da hankalina, editan yana son maƙalar, ya rubuta cewa gyara kaɗan ne. Ya ce in gyara waƙafin, in gode wa mai tantancewar, wato Ta-Biyu, da kalmomi masu laushi, in yi kamar ban ga layin ƙasan ba, tunda editan ba ya jin harshen. Mako biyu an karɓa, in ji shi. Ya ƙara da cewa shi da haka ya zama farfesa.

Shawarar ta yi mini daidai. Abin da zan yi ke nan. Saura mako takwas, muna da sarari.

Na ga ka rubuta cewa ruwa ya tafi da wani sashen aikinku. Allah ya kiyaye gaba. Ka dinga sa hular kwanon nan, na san halinka.

Taka,
Maman Auta

Af, na manta. Auta ta faɗo daga kan katanga, an sa mata filasta a hannun hagu. Ta daina kuka, har 'yan ajinsu sun cika filastar da zane. Ba komai.

Ranar Juma'a, daga kicin

Abban Auta,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya haƙuri da mu? Muna lafiya. Hannun Auta yana warkewa. Ka zauna kafin ka karanta wannan, kuma ka sani tun farko laifin mahaifiyarka ne.

Ranar da na zauna zan rubuta wa Ta-Biyu godiyar ƙarya, Hajiya tana gefe tana tsince shinkafa. Ta tambaye ni me ya sa likita marar allura take ɓata rai, ka san haka take kirana tunda na yi digirin digirgir. Na ba ta labari don ta taya ni jin haushi. Sai ta ajiye faranti, ta yi dariya har da tari, sai da na miƙa mata ruwa. Ta ce wato ni, da karatuna, na shiga gidan mace, na zauna a kujerar baƙi, na kafa mata na'ura a baki, yara na kallo, ƙanwar miji na kai da kawowa, na tambaye ta damuwarta, ta ce ba komai, ni kuma na rubuta na aika wa Turawa? Ta tambaye ni wane ba komai ɗin suka ce. Na ce guda nawa ne? Ta fara lanƙwasa yatsu.

Akwai wanda da gaske ba komai ɗin, ta ce a rayuwarta sau biyu ta ji shi. Akwai na ba a gaban mutane ba. Akwai na za ka gani, ta ce wannan shi ta fi yi wa marigayi mahaifinka, kuma ya gani. Akwai na na faɗa har na gaji. Akwai na na yafe amma ina sane. Akwai na sake tambayata mana. Da ta zo yatsa na bakwai sai ta koma kan shinkafarta. Sai da na matsa ta ce shi ne wanda mace ke faɗa in wani nata zai yi nisa, tana so ya zauna, amma ba ta so a ce ita ta tare masa hanya.

Ni kuwa sai bakin ƙofofin nan suka dinga dawo mini. Wallahi kusan kowace mace sai da ta rako ni. In na sa takalmi, na rataya jaka, sai ta riƙe ƙyauren ta ce af, ta manta. Nan na ji wadda wata uku ba ta barci. Nan na ji wadda ta ɓoye takardar asibiti a cikin buhun gari. Wata mun fi minti arba'in a tsaye, ƙafata ɗaya a waje. Ni duk a hirar sallama na ɗauke su. In na dawo gida har ina yi maka ƙorafin sun cinye mini lokaci.

Na ji kunya, Abban Auta, kunya mai zafi. Matan nan sun gaya mini gaskiya, ni kuma na ɗauki gaisuwarsu na buga mata lissafi.

Na sabunta izini daga kwamitin ɗa'a, na koma gida sittin cikin mako uku. Yanzu ba na ko zama sosai. Mu gaisa, in sha ruwa, in miƙe, sannan a bakin ƙofa in nemi izinin kunna rikoda. Mai wankin nan ma na same ta, tana wani wankin. Ta rako ni da kumfa a hannu, ta yi magana har kumfar ta bushe. Kaso ta yi kwana biyu ba ta kula ni, ta ce na kashe mata casa'in da tara. Hajiya kuma ta ce sunanta ya zo a farko a maƙalar. Na yi mata bayanin cewa sai a wurin godiya, ta ce haka 'yan boko suke, a ci da guminka a ce an gode.

Ga abin da nake ta zagayewa. Na janye tsohuwar maƙalar, na aika sabuwa. Babu juriya a take, kuma ban fassara ba komai ba, na bar shi yadda yake. Na san me na saka a haɗari. Da na bi Farfesa, da yanzu kana ɗaure akwati. Na kasa ne kawai. Ka yafe mini, ban shawarce ka ba.

Taka mai taurin kai,
Maman Auta

Af, na manta. Babba ya ce in kai ba za ka zo ranar rabon sakamako ba, shi ma ba zai je ba. Na lallashe shi. Ba komai.

Ranar Litinin, daga ofis

Abban Auta,

Assalamu alaikum. Fatan kana lafiya. Muna nan.

Saura kwana tara kwamiti ya zauna. Editan ya rubuto cewa sabuwar maƙalar ba ta dace da fitowar juriya ba, tunda matan cikinta sun daina jurewa a shafi na shida. Ya ce ya mayar wa masu tantancewa, su ga ko za ta shiga fitowa ta yau da kullum. Na-Ɗaya ya amsa a rana ɗaya, ya samo wata maƙalarsa ta takwas. Ta-Biyu shiru. Ina duba saƙo sau talatin a wuni. Tsohuwar da ta jefa ni cikin wannan ta je ta kwanta abinta.

Na shiga wurin Farfesa in ba shi haƙuri. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ce ba komai. Da a da ne, da na fito da murna. Yanzu kuwa na san na uku ne, na za ki gani. Ilimin nan bai ƙare ni da komai ba sai faɗuwar gaba.

Na karanta wasiƙarka. Ka ce abin da na yi daidai ne, na gode. Ka kuma ce manajanku ya ajiye maka takardar ƙarin shekara, sai ƙarshen wata za ka ba da amsa, kuma kai ba komai, ka saba da wurin, in an ƙara ma ba komai. Gaskiya na ji haushi. Ni ina nan ina ramewa, kai ka saba. To madalla, Allah ya ƙara sabo. In gadar ta fi mu daɗin zama, ka gaya mini in aiko maka da sauran kayanka.

Ka yi yadda ka ga ya dace. Ni ba komai.

Maman Auta

Af, tukunyar sunan ta cika, na canza ta da baho.

Ranar Alhamis, daga teburin falo

Abban Auta, mijina,

Assalamu alaikum. Ba zan tambaye ka ya jiki ba, don na san abin da za ka ce. Mu kuma ga yadda muke: Hajiya ƙafarta na ciwo, Babba yana fushi da kai, an cire wa Auta filasta tana kukan zanenta, ni kuma ina kewarka.

An karɓa! Ranar Talata da hantsi saƙon ya shigo, kwana ɗaya kafin kwamiti. Kaso ce ta fara gani, ta yi ihu har masinja ya leƙo. Na buga takardar na kai wa Farfesa da zafinta. Jiya a gaban kwamiti ya miƙe ya ce tun farko shi ya hango cewa yayin juriya ya kusa wucewa, shi ya sa ya ƙarfafa mini gwiwa in canza hanya. Na ce haka ne, ranka ya daɗe. An tabbatar da ni. Yanzu ɗalibansa uku sun koma nazarin bakin ƙofa, ɗaya ma yana so ya yi na taga.

Ta-Biyu ta rubuta shafi ɗaya kacal, ta ce a buga. A ƙasa kuma, da harshenmu, ta sake ajiye mini nata:

"Af, na manta. Su mazan, wa ya taɓa raka su ƙofa?"

Na yi tsaki, na ce tsohuwar nan ba ta gajiya. Jiya ina dawowa gida na tarar da direbanku ya zo karɓar wasiƙa. Na ba shi ruwa, na tambaye shi ya kake, ya ce lafiya lau, ba komai. Ya miƙe zai tafi. Kullum daga falo nake sallamarsa, amma jiya sai na sa mayafi na bi shi har bakin get. Ya buɗe mota, ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya yana wasa da makulli. Sai ya ce af, ya manta. Ya ce ka yi zazzaɓi kwana shida a watan jiya, ka hana a gaya mini. Ya ce akwatinka a ɗaure yake tun wasiƙar da na ce ka fara haɗa kaya, daga ciki kake zaro riga kana mayarwa. Ya ce takardar ƙarin shekarar tana aljihunka, ta yi laushi saboda ninkewa da buɗewa.

Na shiga ɗaki na fito da wasiƙunka goma sha ɗaya, na zauna da jan biro. Sau goma sha tara ka rubuta ba komai. Na kai wa Hajiya ta ƙarshen na karanta mata. Ba ta ko ɗago ba, ta ce na bakwai ne, irin na ubansa. Ni da na rubuta shafi ashirin a kan kalmar, har za a buga a karanta a ƙasashe, na karanta taka na yi fushi.

Nawa ba komai ɗin ma ka koma ka duba su. Na silin, na huɗu ne. Na Auta, na shida. Na wasiƙar ranar Litinin, rabinsa na uku ne, ba zan ɓoye maka ba, rabinsa na bakwai.

Don haka bari in faɗa a tsakiyar takarda, a zaune, ba a bakin ƙofa ba. Akwai komai. Kada ka sa hannu. Ka yaga takardar, ka ɗauko akwatin tunda a ɗaure yake, ka biyo direba ranar Asabar mai zuwa. Na gaji da kwana ni kaɗai da bokitai. Ina so ka dawo.

Hajiya ta ce ka taho da tsani, silin yana jiranka.

Matarka, wadda aka tabbatar,
Maman Auta

Na san idonka zai sauko nan ƙasa. Wannan karon ban manta komai ba.